Shafin da Garbai Ya Hana a Rufe

Duk Gure an san Malam Garbai da abu ɗaya: ba a ba shi ajiya ta ɓata. Shagonsa yana bakin kasuwa, daf da inda motocin ƙauye ke lodi, kuma da za a auna, kayan mutane sun fi nasa yawa a ciki. Mutumin Gidigir zai kawo sirdin raƙumi ya ce zai dawo da la'asar, sai ya dawo bayan damina biyu, ya tarar da sirdinsa a rataye, an ma shafa masa mai. Akwai wata tukunyar ƙarfe da wata mata ta bari tun gemun Garbai yana baƙi. Har yau tana nan bayan ƙofa, kuma duk wanda ya kuskura ya ce a ɗora ta a wuta zai sha harara. Garbai ba ya rubuta komai. Kowace ajiya da mai ita suna cikin kansa, yana kuma alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata, in dai za a faɗi gaskiya.

Asalin sana'arsa sayar da littattafan rubutu ne da alƙaluma da alli. Da zamani ya juya ya sayi injin fotokofi, daga baya ya ɗora da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ta tebur da ya samo a Damagaram, tare da ɗan akwatin da ke kamo rezo, wato layin intanet. Ya koyi daidai abin da zai ishe shi: ya kunna, ya shiga intanet, ya fitar da takarda. Malaman lakwal, makarantar boko, suna zuwa neman darasi, iyaye suna zuwa duba sakamakon jarrabawa, wani tela ma yana zuwa kallon ɗinkin wuyan riga.

To, mutanen da suka saba da Garbai ba su san wata sallama ba sai guda. In mutum ya gama duba abinsa, zai miƙe, ya nuna gilashin da leɓe, ya ce Malam a ajiye mini wannan. Su kansu ba su ɗauki maganar da nauyi ba, baki ne ya saba. Garbai kuwa ya ɗauka. Ba ya rufe shafin da aka ce ya ajiye, ko da wasa. Wani malami ya taɓa saita masa na'urar yadda duk sa'ad da aka kunna ta, shafukan jiya za su dawo gaba ɗaya, kuma ranar Garbai ya sa wa malamin nan albarka har ya ji kunya. Shekara ta zagayo, kawunan shafukan da ke jere a saman gilashin suka matse, suka sirance kamar haƙoran mataji, har ba a iya karanta sunan ko ɗaya. Garbai bai damu ba, don shi ya san na wa ke bin na wa.

Ordinatar ta yi nauyi, amma wannan ma bai hana shi barci ba. Yakan kunna ta da hantsi, ya hura gawayi, ya ɗora shayi. Kafin a sha kofi na uku ta farka. Masu jira suna zaune a benci suna hira, ana zagin rezo kamar yadda kowa ke yi a garin, shi kuma yana jin daɗin taron. A ganinsa na'urar ta kama halin gidan ne kawai, ba ta son gaggawa.

Mutum ɗaya ne jiran ke ci wa rai, shi ne Tahiru. Dattijo ne makiyayi daga wani ƙauye bayan Bune, abokin Garbai tun suna samari. Ɗansa Zaharaddini ya tafi arewa wajen haƙar zinari shekara biyu ke nan. Da farko yana kira, daga baya lambarsa ta daina shiga, shiru ya yi yawa har uwar yaron ta fara rama. Sai wata rana wani direba mai suna Shamsu ya ci karo da hotonsa a intanet, ya zo da sauri ya buɗe wa Tahiru shi a ordinatar Garbai. Ga Zaharaddini tsaye jikin wata babbar mota, da rawani a wuya, yana dariya. Shamsu ya rubuta wani abu a ƙarƙashin hoton, ya ce kada a rufe, ya hau motarsa. Daga baya aikinsa ya koma hanyar Difa, ba a ƙara ganinsa sosai ba.

Tun daga nan duk ranar kasuwa sai Tahiru ya zo. Zai sayar da abin da ya kawo, ya yi cefanen gida, sannan ya shigo ya zauna a kan buhun kanwar wani, ya ɗora sandarsa a cinya. Garbai zai danna shafinsa, su zuba ido. Hoton daga sama yake saukowa, sannu a hankali: sararin sama, rufin mota, hula, goshi, ido. Da fuskar ta cika Tahiru zai ce alhamdu lillahi, ya dube ta sosai, ya tashi ya bi motar Bune, ya je ya gaya wa matarsa ya ga yaro, yana nan lafiya. Ya san hoton jiya ne, ita ma ta sani. Amma da wannan suke kai mako.

Sai jiran ya yi ta tsawo. A makon da ya wuce hoton ya sauko har gira ya tsaya cak. Direban Bune ya yi ta danna oda a waje. Tahiru ya jira har aka aiko kiransa sau biyu, sannan ya miƙe, ya ce ba komai, wani makon. Garbai ya bi shi da kallo yana tafiya da ledar cefane, kuma abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Ya san tsohon nan zai isa gida, matarsa za ta tambaye shi, shi kuma ba ya ƙarya.

Ana cikin haka ƴarsa Fiddausi ta zo hutu. Sakatare ce a wani asibiti a Damagaram, uwar ƴaƴa biyu, kuma ta gaji bakin uwarta. Kwana uku kafin kasuwa ta shigo shago za ta fitar da wata takarda. Ta zauna, ta danna, ta jira. Ta sake dannawa. Da ta ɗaga ido ta ga abin da ke jere a saman gilashin sai ta yi salati a hankali, ta tambayi uban ko mene ne wannan. Ya ce mata ajiyar mutane ce. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafi, shi kuwa ya tsuke fuska yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara.

Da ta nutsu ta ƙirga. Shafi ɗari da sittin da uku. Ta ce masa laifin rezo kaɗan ne a nan. Duk safiya shafukan nan gaba ɗaya suke rugawa su sha daga ɗan abin da akwatin ke kamowa, wasu ma da bidiyo a ciki mai kunna kansa, to me zai rage wa hoton Baba Tahiru? Ta ce a cikin manhajar da ake shiga intanet akwai wurin saiti, in ya bari ta taɓa abu uku ko huɗu, ta rufe tarkacen nan, na'urar za ta tashi.

Kalmar tarkace ce ta ɓata komai. Garbai ya ce shekara talatin yana riƙe da kayan mutane, ko allura ba ta taɓa salwanta a hannunsa ba, ba kuma zai fara da tsufa ba don wata sakatare ta zo daga birni. Ya ce ta fitar da takardarta ta tashi. Ta fitar, bayan rabin awa, ta tafi.

Washegari ta dawo da kunun da uwarta ta aiko, ba ta ce uffan game da ordinatar ba. Ta zagaya ɗakin baya inda ajiya ke jibge, ta fito tana kakkaɓe hannu.

"Baba, don me ba ka ɗora sirdin nan da buhunan nan bisa teburin fotokofi ba?"

"Wace irin tambaya ce wannan? In na ɗora su nan, a ina zan yi aiki?"

"To ita ma ordinatar tana da ɗakin baya. Kai ne ka tara mata komi bisa tebur."

Garbai ya ɗauki kwanon. Ya sha kununsa, ya sallami mutum biyu, ya leƙa waje, ya dawo. Can ya ce, ba tare da ya dube ta ba, a nuna masa ɗakin. Ta nuna masa wata ƴar tauraruwa a gefen sama. In an danna ta, shafin ya shiga ma'ajiya da sunan da aka ba shi, ko an rufe shi yana nan, sai ranar da aka neme shi.

Ba a yi wa Garbai wayo da daɗin baki. Ya ce a gwada da nasa tukuna, shafin da yake duba lokutan salla. Ta ajiye, ta rufe. Ya ce a kashe na'urar gaba ɗaya. Aka kashe. Ya tafi masallaci ya yi azahar, ya dawo, aka kunna, aka jira ta gama nishinta, aka nemo shafin, ya fito. Ya ce a sake. Sai da aka yi haka sau uku, yini ya tafi a kai, sannan ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya ce to bisimilla, amma shi zai faɗi sunaye.

Aikin nan ya ci musu washegari tun daga hantsi har bayan la'asar, kuma Garbai bai taɓa jin daɗin yini irin wannan ba. Fiddausi ta buɗe jaka huɗu a ma'ajiyar: Bune, Gidigir, Gamu, da cikin gari. Tana danna shafi, tun bai gama buɗewa ba zai ce na Mushe Mansur malamin lakwal ne, darasin lissafi, ranar da aka yi ruwan farko ya bar shi. Wannan na Kande ce mai abinci, sakamakon ɗanta, ya ci. Wannan na telan nan ne. Wannan na wani mutumin Gamu ne mai neman maganin ƙazuwar raƙumi, sunansa Modu, akwai tabo a haɓarsa. Ita tana rubutawa tana rufewa. Tun tana tsokanarsa har ta yi shiru, don a ɗari da sittin da uku bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya lura da shirun nata, ya kuma ji daɗinsa, ko da yake ya yi kamar bai gani ba.

Bayan nan ta shiga wurin saiti. Ta hana bidiyo kunna kansa. Ta cire wasu ƙananan manhajoji da masu zuwa suka liƙa wa na'urar ba da saninsu ba, ta share tarin tsofaffin bayanan da take ɗauke da su tun bara. Ta ce akwai ma inda ake hana hotuna buɗewa, ya fi komai sauri. Garbai ya ce in ta taɓa wannan shi da ita ne. A ƙarshe ta canza saitin malamin nan, yadda in an kunna za ta tashi da farin shafi ɗaya kawai.

Shafin Tahiru kaɗai ya rage. Ta riga ta sa shi a jakar Bune, ta kai hannu za ta rufe, ya riƙe mata hannu. Ya ce sauran sun manta da nasu, amma wannan mai shi yana zuwa gobe, kuma ba a gusar da kayan mutum sai da saninsa. Kada ma ta taɓa shi. Za a bar na'urar a kunne har Tahiru ya zo ya ba da izini da bakinsa. Fiddausi ta ce to, ta san inda gardama ke ƙarewa da ubanta.

Ranar kasuwa Fiddausi ta tafi gidan suna da uwarta tun da safe. Garbai ya buɗe shago, ya ga shafin yana nan, ya ɗora shayi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Wannan ba sabon abu ba ne, bai ko ɗaga kai ba. Sai da wuta ta dawo bayan azahar, ya danna maɓalli, na'urar ta tashi tun kafin ya koma kujerarsa, sannan ya ga abin da ya faru. Gilashin fari fat. Babu komai a sama sai kan shafi ɗaya, shi ma babu suna.

Ya ƙura wa gilashin ido. Ya sani sarai an gwada sau uku, ya ga lokacin da ta rubuta sunan Tahiru, amma sanin bai kwantar masa da hankali ba. Shafin salla daban, wannan daban. Shamsu ne ya buɗe shi, ta wace hanya, Allah masani, kuma Shamsu yana Difa. In ya ɓata, ina za a samo shi? Ya yi tunanin aika a kira Fiddausi, sai ga sallamar Tahiru a bakin ƙofa.

Suka gaisa da Barbarci kamar kullum, aka tambayi gida da dabbobi da rijiya. Tahiru ya zauna a kan buhun kanwa, ya ɗora sanda a cinya, ya dubi gilashin, ya dubi abokinsa. Garbai yana iya cewa rezo ne, ba wanda zai musa. Bai taɓa yin haka a kan ajiya ba.

"Tahiru, na taɓa kayanka ba da izininka ba. An ce mini yana ɗakin baya. Ban duba ba tukuna, tsoro nake ji."

Tahiru ya nuna gilashin da leɓe. "To duba mana, Garbai. In ya ɓata, a hannunka ya ɓata, ba a hannun wani ba."

Garbai ya goge tafinsa a riga. Ya bi hanyar da ya ga ƴarsa ta bi, yana karanta kowane abu a fili kamar ɗan aji ɗaya. Ma'ajiya. Bune. Suna bakwai ne a ciki, na Tahiru ne na ƙarshe. Ya yi bisimilla ya danna.

Ba a ga sararin sama da rufin mota suna rarrafowa ba. Hoton ya faɗo gaba ɗaya lokaci guda, har Tahiru ya ɗan ja baya. Ga hula, ga ido, ga dariyar, har da takalman da ba su taɓa gani ba, don ba su taɓa jira hoton ya kai ƙasa ba. Garbai ya saki numfashi, ya jingina da kujera, yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya buɗe baki zai fara yabon na'urarsa, sai ya ga shafin bai gama ba. A ƙarƙashin hoton rubutu ne ke fitowa, layi bayan layi.

Ya gyara tabarau. Na farko na Shamsu ne: babanka yana nemanka, ya ga hoton nan a shagon Malam Garbai a Gure. A ƙasansa akwai amsa, da sunan Zaharaddini a kai. Garbai ya karanta a zuci, ya sake karantawa, sannan ya karanta wa mai ita. Yaron ya ce yana gaida Baba da Inna, yana lafiya, wayarsa ce ta faɗa rami da duk lambobin da ke ciki. Ya ce don Allah Baba Garbai ya ba mahaifinsa wannan sabuwar lamba. Ga lambar nan a rubuce. Bayan wata biyu ya sake rubutawa, yana tambaya ko saƙon ya isa.

Garbai ya dubi kwanan watan. Wata bakwai ke nan. Wata bakwai saƙon yana zaune a shagonsa, ƙasa da hoton da ɗan yatsa biyu, shi yana shan shayi yana zagin rezo. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda bai taɓa ji ba a kan kayan wani. Ya faɗa wa Tahiru haka, bai rage komai ba.

Tahiru ba ya saurarensa. Ya riga ya zaro ƴar wayarsa daga aljihun ciki, wadda aka ɗaure da roba, ya miƙa masa ya ce ya sa lambar, idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwan nan. Garbai ya sa, ya duba sau biyu, ya danna, ya mayar masa. Ta yi ƙara sau huɗu. A ta biyar wata murya ta yi sallama daga nesa, da hayaniyar injin a bayanta.

Tsohon ya ƙara matsa ta a kunne. Ya riƙe wayar da hannu biyu, leɓensa yana motsi. Sannan ya kira sunan ɗansa, ya juya harshe zuwa Barbarci, ya tashi ya shige ɗakin baya, ya zauna tsakanin sirdi da buhuna. Garbai ya ja masa ƙofa. A waje direban Bune ya yi ta danna oda, aka leƙo aka ce ana jiran Tahiru. Garbai ya fita da kansa ya roƙi direban ya ƙara minti goma, ya ce yau akwai saƙon da dole ya kwana a ƙauye. Ya haɗa masa da kofin shayi don bakinsa ya mutu.

Da Tahiru ya fito idonsa ja ne, amma fuskarsa a sake. Ya ce yaro zai zo bayan girbi. Ya ce sai da ya sa shi ya maimaita sau biyu, don ya san uwar za ta tambaya kalma bayan kalma. Garbai ya rubuta lambar a takarda da manyan baƙaƙe, ya ninke, ya sa masa a aljihu, ya sake neman gafara. Tahiru ya ce ya bar wannan magana, da bai riƙe shafin ba, da me za a karanta yau?

Ya ɗauki sanda da ledar cefane. A bakin ƙofa ya waiwayo, ya nuna gilashin da leɓe kamar kullum.

"Ajiye mini."

"Yana ajiye," in ji Garbai.

Ya jira har motar Bune ta tashi. Sannan ya koma ya zauna, ya ƙara duban yaron da ke dariya jikin mota, ya kai hannu ya rufe shafin da kansa.